Matakan Sa Ido Kan Annoba da Bijirewar Magani a Ƙauyukan Birnin Gwari

A watan Nuwamban 2024 aka sake buɗe kasuwar Kara ta Birnin Gwari, bayan shekaru tana rufe saboda ta'asar 'yan bindiga. Mutane da dabbobi sun dawo suna shige da fice tsakanin gari da dazukan Kamuku da Kuyambana, cikinsu har da yaran da aka yaye ba su taɓa ganin mai allurar rigakafi ba. A irin wannan cuɗanya ce ƙyanda da mashaƙo ke samun ƙofa. Waɗannan matakai na ma'aikacin lafiya ne da ke riƙe da ƙaramin asibiti a Kuyello, Randagi, Kakangi ko Dogon Dawa.

Mataki na farko: ka nemi idanu a inda ƙafarka ba ta kaiwa. Mai unguwa, liman, ungozoma, wanzami, mai kemis da arɗo duk suna riga ka jin labarin cuta, masu wankan gawa kuwa sun san gidan da aka yi rashi biyu a mako guda. Kada ka cika su da sunayen cututtuka, alamomi za ka koya musu: gudawa tsululu mai kama da ruwan shinkafa, zazzaɓi da sanƙarewar wuya, zazzaɓi da ƙuraje, ciwon maƙogwaro da kumburin wuya, yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da ƙafarsa ta saki farat ɗaya, da zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro.

A nan sai an yi takatsantsan. Wannan yanki ne da zargin kai rahoto ya ci rayuka, don haka kada ka naɗa kowa a ɓoye. A zauna gaban hakimi da arɗo, a faɗa a fili cewa labarin rashin lafiya kaɗai ake nema. Inda babu sabis, a tsayar da ranar kasuwa da amintaccen ɗan acaɓa mai kawo saƙo.

Mataki na biyu: ka rubuta kowane mara lafiya a rijista da shekarunsa, ƙauyensa ko rugarsa, ranar da ciwon ya fara, da maganin da ya sha kafin ya zo.

Mataki na uku: ka kai rahoto. Tsarin sa ido da Najeriya ta rungumi tun 2001 ya tanadi jami'in sa ido kan cututtuka a kowace ƙaramar hukuma. Alamomin da aka lissafa a sama ba sa jiran ƙarshen mako, cikin awa 24 ake sanar da shi, in bai samu ba a kira hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, a 6232, kyauta ne. Makon da ba ka ga komai ba, ka aika cewa babu. Ina ganin wannan ya fi komai muhimmanci a Birnin Gwari, domin a Kaduna ba za a iya bambance ƙauyen da yake lafiya da wanda ma'aikacinsa ya gudu ba sai da wannan saƙo.

Mataki na huɗu: a ɗauki samfuri kafin a ba da kafso ko allura, domin magani yana ɓoye ƙwayar cuta daga gwaji. Samfurin yaron da ƙafarsa ta saki, wanda ake zargin shan inna, bayan gida ne sau biyu, da tazarar awa 24, cikin kwana 14 da fara ciwon, a akwatin ƙanƙara. Amma wanda ya galabaita ba ya jiran kwalba: a fara jinya, a tura shi babban asibitin Birnin Gwari.

Mataki na biyar: ka buɗe shafi na musamman don maganin da ya daina ci. Binciken da mujallar Lancet ta buga ya nuna cewa a 2019 bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27, kuma Yammacin Afirka ta fi ko'ina shan wahala. Duk wanda ya shanye maganinsa daidai amma fitsari bai daina zafi ba, ko miki bai daina ruwa ba, ka rubuta sunan maganin, ka tura shi inda ake shuka ƙwayar cuta a gwada ta da magunguna, kamar asibitin Barau Dikko a Kaduna ko na koyarwa da ke Shika. Ka ja masu kemis a jiki maimakon yi musu barazana, su gaya maka abin da aka fi saye, ka roƙe su su daina sayar da kafso biyu ko uku gwargwadon kuɗin hannun mutum.

Mataki na shida: ka haɗa kai da malamin dabbobi. Makiyayi kan yi wa saniya allurar oksitetrasaikilin da kansa, ya tatsi nononta washegari, alhali a jikin kwalbar an rubuta kwanakin da za a jira. Dabbar da ta faɗi matacciya jini na fita ta hanci kuwa, kada a feɗe ta, domin mai yiwuwa cutar antaraks ce. A Yulin 2023 an tabbatar da cutar antaraks a wata gona a Suleja.

Mataki na bakwai: in sakamako ya fito, ka koma wa wanda ya kawo labarin ka gaya masa abin da aka gano. In ya makara, ka bi jami'in ƙaramar hukuma da kira har ya zo.