Tagwayen Da Ke Cikin Ƙwayar Maganin Zazzaɓi

Ana roƙon hakimai da malamansu su karanta wannan bayani da natsuwa, sa'an nan su fahimtar da dagatai da masu unguwa.

1. Kowa ya dubi hannuwansa zai ga yatsunsu ɗaya ne, amma na dama bai zama na hagu ba. Cikin shekarar 1848 wani masani Bafaranshe, Louis Pasteur, ya gane akwai sinadarai masu irin wannan hali. Kulorokwin, maganin zazzaɓin cizon sauro wanda aka fara haɗawa a Jamus cikin 1934, yana cikinsu. Kowace ƙwaya tasa tagwaye biyu ne a gauraye, rabi da rabi. Masana suna kiran ɗaya R, ɗaya kuwa S.

2. Jini kashi biyu ne, watau ruwansa da ƙwayoyinsa. In mutum ya sha kulorokwin, yawancin wanda ya shiga jini a cikin ƙwayoyin yake taruwa, kaɗan ne ke zama a ruwan. A cikin ruwan nan kuma akwai furotin mai riƙe magani, kuma abin da ya riƙe ba ya aiki sai ya sake shi. Yakan riƙe wajen kashi biyu cikin uku na S, amma na R bai kai rabi ba.

3. Jiki ya fi saurin fid da S, saboda haka R ne ya fi yawa a jini, ya fi daɗewa. Ko bayan makonni ana samun sauran maganin a jikin wanda ya sha. Ashe ƙwaya ɗaya aka haɗiya, amma tafiya biyu ta yi, ko wace da kwanakinta.

4. Wannan yana cikin dalilan da suka sa awon magani aikin likita ne. Wanda ya ƙara da ka, yana tara sabo a kan tsohon da bai fita ba, kuma kulorokwin in ya yi yawa yakan tsai da zuciya, balle ga yaro.

5. A sani kuma, tun 2005 Nijeriya ta daina amfani da kulorokwin a matsayin maganin farko na wannan zazzaɓi, don ƙwayar cutar ta daina jinsa. Magungunan haɗi masu atemisinin ne suka maye gurbinsa.

Saboda haka lalle ne a gargaɗi talakawa: mai zazzaɓi ya tafi asibiti a gwada jininsa, ya sha abin da aka ba shi daidai yadda aka ce, kada ya rage, kada ya ƙara. Rigakafi ya fi magani.