A Rubuta Wa Kowa Aikinsa Kafin Zumunci Ya Lalace

Wata baiwar Allah, sakatariyar wata ƙungiyar tallafa wa marayu, ta rubuto mini cikin damuwa. Suna da ma'aikata 3 masu albashi da 'yan sa kai 12. A rabon kayan azumin bana, buhu huɗu na shinkafa suka ƙi fitowa a lissafi. Ba sata aka yi ba. Mai kula da sito ya ɗauka ma'aji ne ke rubuta sunayen waɗanda suka karɓa, shi kuma ma'aji ya bar wa mai sito. Yanzu mutum biyu da suka daɗe suna aikin Allah tare ba sa ga maciji da juna.

Hajiya, matsalarku ba ta rashin amana ba ce. Kun tara mutanen kirki, amma ba wanda aka taɓa zaunar da shi aka ce ga inda aikinka ya fara, ga inda ya ƙare. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Maganin abin shi ne takardar bayanin aiki, kowane muƙami da tasa.

Na san abin da wasu za su ce: ai don Allah muke yi, me ya kawo takarda? Ki tuna musu cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi, kuma muminai aka yi wa umarnin. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Kada ku ɗauko takardar wata babbar ƙungiya daga intanet ku sauya suna. Ki zauna da mai sito, ki ce ya ba ki labarin abin da ya yi a makon jiya, tun daga buɗe ƙofa har kulle ta. Daga bakinsa za ki tsamo ayyuka biyar ko shida na gaske. Ki rubuta su da Hausar da zai gane, shafi ɗaya ya isa. "Taimakawa wajen rabo" ba aiki ba ne da za a iya tambayar mutum a kansa. Ki rubuta: "Zai rubuta sunan duk wanda ya karɓi buhu a littafin sito, mai karɓa ya sa hannu ko ya dangwala, sannan ya miƙa wa ma'aji littafin kafin magariba." Da wannan layin yana nan, da buhunan nan ba su zama abin rigima ba.

Abu biyu ne na fi so ki matsa a kansu. Na farko, kowa ya san mutum ɗaya tak da zai kai wa rahoto. Wanda shugaba da sakatariya da ɗan kwamitin amintattu duk ke aike, ƙarshe ba wanda zai gamsar. Na biyu, a rubuta abin da ba huruminsa ba ne. Wanda ke karɓar gudummawa ba shi zai duba littafin rasit ba. Tunda yara kuke hulɗa da su, a faɗa ƙarara cewa ba a keɓewa da maraya, ba a kuma sa hotonsa a Facebook ba tare da iznin mai riƙonsa ba.

Takardar mai albashi daban take da ta ɗan sa kai. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ce a ba ma'aikaci bayani a rubuce cikin wata uku da fara aiki, mai nuna irin aikin, lokutansa, albashi, hutu da wa'adin sanarwar barin aiki. Rajistar da kuka yi da hukumar CAC a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba ba ta ɗauke muku wannan nauyin ba. Shi kuwa ɗan sa kai, a rubuta awoyin da ya amince zai bayar a mako, horon da za a ba shi, da kuɗin mota idan akwai. Kada a kira kuɗin motar albashi, kada kuma a ɗora masa aikin safe zuwa yamma kullum sannan a ce sa kai yake. Wannan danne haƙƙi ne, ko da sunan taimako aka yi shi.

Kin ga matan da UNICEF ta fara ɗauka a 2012 don wayar da kai kan allurar shan inna a jihohin Arewa? Kowacce ta san gidajen da aka ba ta, tana rubuta masu juna biyu da jariran da aka haifa, tana zuwa taron suna, ta kuma san wanda take kai wa rahoto. A ganina wannan tsari na cikin abubuwan da suka kai mu ga watan Agustan 2020, lokacin da aka tabbatar an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka.

Idan an gama rubutawa, kada takardar ta kwana a durowa. Da ita za ku yi sanarwar neman sabon mutum, da ita za ku tarbe shi ranar farko. Duk bayan wata shida a zauna da kowa a karanta tasa, a goge abin da ya daina yi, a ƙara abin da ya hau kansa.

Ki fara da mutanen nan biyu. Ki kira su gidan wani dattijo da dukansu ke jin nauyinsa, kada a tado maganar buhuna, a ce kowannensu ya faɗi abin da ya ɗauka aikinsa ne a ranar rabo, ke kuma kina rubutawa.