Hakkin Mai Tsaron Ƙofar Gidan Kallo

Bari mu dubi saurayin nan mai karɓar kuɗi a ƙofar gidan kallo a Yalwawa. Shi ne mai shara, shi ne mai ta da janareta, kuma ba ya tashi sai an gama wasan ƙwallon ƙarshe, dare ya raba. Nawa ne ladansa?

A watan Yuli na 2024 aka sa hannu kan dokar da ta kai mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wata. Amma ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Wane gidan kallo ne a Dutse yake da mutum 25? Ashe saurayin nan ba shi da madogara sai lamirin maigidansa.

Tun 1891 Paparoma Leo na 13 ya koyar a wasiƙarsa Rerum Novarum cewa yardar ma'aikaci ba ta halatta ƙaramin lada idan yunwa ce ta tilasta masa. Dole ladan ya riƙe shi.

A taron zumunta na wannan mako mu karanta Yakubu 5:1-6. Masu yaran aiki a cikinmu su zo da amsa: nawa suke biya, kuma daren da aka rasa 'yan kallo, wa yake ɗaukar asarar?