Zanin gado na haɗin ƙyallaye: abin da ke sa shi karkacewa

Wata mai ɗinki daga Ƙauyen Alu ta aiko da tambaya. Ta tara ƙyallayen atamfa na ɗinkin sallah, ta haɗa su gida-gida don ta yi zanin gado, ta raba gidajen da siraran layuka na yadi mai launi ɗaya. Da ta shimfiɗa, sai ta ga layukan ba su haɗu ba, gefen kuma ya yi tattara, ya ƙi kwanciya. Tana so ta ji ko keken nata ne ke buƙatar gyara.

'Yar'uwa, ki bar keke ya huta, ba a nan gizo ke saƙar ba. Matsalar awo ce. Idan kowane gida ya ɗara ɗan'uwansa da kwatan inci, ido ba zai gani ba, amma gida biyar a jere sun ba ki inci ɗaya da kwata, kuma wannan kowa zai gani daga bakin ƙofa. Masaƙan da suka yi mana luru da gwado sun san haka: ƙwarya-ƙwarya suke saƙawa sannan a haɗa, in ɗaya ta saɓa, zanen duka ya tafi.

Kafin almakashi, ruwa. Ki wanke ƙyallayen, domin atamfa ta auduga tana tsukewa, wata kuma tana zuba. Kada ki haɗa ta da yadi mai roba ko leshi a gida ɗaya, ba sa ja iri ɗaya. Yadin layukan da na gefe shi kam ki sayo sabo a Kantin Kwari, mai kauri daidai da atamfar. Ni na fi son baƙi ko shuɗi mai duhu, don atamfa tana da hayaniya, sai an sa mata abin da zai kwantar da ita.

Ga lissafi a kan katifa shida-da-shida, wato inci 72 kowane ɓangare. Gida 25 kike buƙata, biyar-biyar, kowanne inci 12 bayan ɗinki. Layi inci 2, har da waɗanda suka zagaye waje. Gida biyar inci 60, layi shida inci 12, kin cika 72. A Amurka, inda wannan sana'a ta yi ƙarfi, kwatan inci suke bari na ɗinki. Hannun telolinmu ya saba da rabin inci, to ki zauna a kansa daga farko har ƙarshe. Ke nan za ki yanka gida 13 da 13, layi 3 da 13 guda 60, sai ƙananan murabba'i 3 da 3 guda 36, waɗanda ke zama a mahaɗar layuka. Ki yanko kwali mai inci 13, ki ɗora a kan kowane gida. Wanda ya yi yawa a rage, wanda ya gaza a ajiye shi don rigar filo, kada a ja shi da ƙarfi wai ya kai.

Waɗannan ƙananan murabba'i da wasu ke ɗauka ado ne kawai, su ne maganin abin da ya same ki. Da alama dogon tsiri ɗaya kika ratsa daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ba shi da wata alama da za ta nuna miki inda gidan sama ya kamata ya daidaita da na ƙasa. Idan akwai murabba'i a kowace mahaɗa, ɗinki ne zai haɗu da ɗinki, sai ki soke fil a nan. Jeri iri biyu za ki yi: na layi da gida, guda biyar, da na murabba'i da layi, guda shida. Wajen guga, ki kwantar da bakin ɗinki ya fuskanci layi a duka biyun. Da kin haɗa jeri biyu za ki ji da yatsa sun shige juna, ɗaya ya kwanta hagu ɗaya dama, babu tudun da zai karya allura. Kuma dannawa ake yi da dutsen guga a ɗaga, ba a jansa.

Gefe ne ya fi kayar da mutane. Abin da aka saba shi ne a ɗora dogon tsiri a yi ta ɗinkawa, a yanke rarar a ƙarshe. Bakin zani ya riga ya miƙe da taɓawa, don haka tsirin da ya bi shi zai fi tsakiya tsawo, shi ne tattarar da kika gani. Ki shimfiɗa aikin a ƙasa, ki sa tef ta tsakiyarsa. Idan lissafi ya tafi daidai za ki ga 73. Ki yanka gefe biyu a kan wannan awo, faɗin inci 11, ki bi tsawon yadi don ta nan ba ya miƙewa sosai. Ki ninke ki samo tsakiyar kowanne, fil a tsakiya, fil a ƙarshe biyu, sannan a tsakaninsu. Wanda ya ɗan fi tsawo ki sa shi a ƙasa, haƙoran keke za su cinye rarar. Sai ki sake awo ta tsakiya, wajen 93, ki yanka sauran biyun. Yadi uku ya isa a fitar da su babu haɗi.

Wanda kika riga kika ɗinka bai lalace ba. Ki farke gefen da dogayen tsirin kawai, ki daidaita gidajen da kwali, ki sake haɗawa. In girmansu ya ragu da rabin inci, ki ƙara faɗin gefe ya cike. Shafi da kalmasa kuwa kada ki taɓa su sai kin shimfiɗa shi a kan gado kin ga ya kwanta.