Gani Ya Kori Ji: Yadda Rautoci Ke Zaɓen Hanya a Sadarwar Kwamfuta

Gabatarwa

Duk saƙon da mutum ya tura ta intanet, ko wasiƙa ce ko hoto, ba ya tafiya a dunƙule. Ana yayyanka shi ne ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi ɗauke da adireshin inda za shi, sannan ya riƙa wucewa daga wannan na'ura zuwa waccan har ya isa. Na'urar da ke tsaye a kowace mararraba tana nuna wa ƙunshi inda zai bi ita ake kira rauta. Tambayar da wannan maƙala za ta amsa ita ce: ta yaya rauta ke sanin hanya, alhali ba ta taɓa barin inda aka ajiye ta ba?

Kafin mu shiga, bari mu daidaita kan kalmomi biyu. Layin da ya haɗa rauta da rauta zan kira shi mahaɗi, kuma ɗalibin nahawu ba baƙo ba ne ga wannan kalma, domin aikin ɗaya ne, wato haɗa abu biyu. Tsarin da nake son bayyanawa kuwa zan kira shi tsarin halin mahaɗi, saboda kowace rauta tana ba da labarin halin da mahaɗanta ke ciki.

Tsarin "wai"

Ba za a gane amfanin wannan tsari ba sai an san wanda ya gada. A tsohon tsari, irin wanda ƙa'idar RIP ke bi, kowace rauta tana faɗa wa maƙwabtanta kaɗai nisan da ke tsakaninta da kowane wuri, duk bayan daƙiƙa 30. Maƙwabciya ta ƙara ɗaya a kan lissafin, ta miƙa wa ta gaba. Ba wadda ta san ainihin hanyar. A Hausa muna da kalmar da ta dace da wannan, wato "wai". Mai cewa "wai an buɗe hanya" ya sauke nauyin maganar daga kansa.

Matsalar tana fitowa ne ranar da mahaɗi ya yanke. A ce rauta A na kaiwa ga wani wuri kai-tsaye, B kuma na kaiwa ta hanyar A. Layin A ya tsinke. Kafin A ta sanar, sai ta ji B na cewa tana da hanya mai zango biyu. A ba ta san cewa hanyar ta kanta take bi ba, sai ta ce to ita tana da mai zango uku ta wajen B. B ta ji, ta mayar da tata huɗu. Haka za su yi ta ƙirga, ƙunshin saƙo na kai da kawowa tsakaninsu. Shi ya sa RIP ta ƙayyade zango 15, aka ɗauki 16 a matsayin "ba hanya".

Tsarin shaidar gani da ido

A shekarar 1979 aka sauya tsarin zaɓen hanya na ARPANET, sadarwar Amurka wadda intanet ta samo asali daga gare ta, bisa aikin John McQuillan da abokan aikinsa na kamfanin BBN. Dabarar ita ce a juya lamarin. Maimakon rauta ta faɗa wa maƙwabta abin da ta ji game da kowa, sai ta faɗa wa kowa abin da ta gani game da maƙwabtanta. A ganina wannan jimla ita ce ƙashin bayan darasin duka. Ƙa'idoji biyu da suka fi shahara a kan wannan tsari su ne OSPF, wadda aka fara wallafawa a 1989 kuma siga ta biyu ta daidaita a 1998, da IS-IS, wadda manyan kamfanonin sadarwa da dama ke amfani da ita.

Abu na farko shi ne gaisuwa. A OSPF, rauta kan aika ɗan gajeren saƙon sallama ta kowane mahaɗi, galibi duk daƙiƙa 10. Idan daƙiƙa 40 suka wuce ba a ji daga maƙwabciya ba, sai a ɗauka ta faɗi. Daga nan rauta ta rubuta sanarwa: ni ce wance, ga maƙwabtana, ga tsadar kowane mahaɗi. Tsada a nan ba kuɗi ba ce, lamba ce da ke raguwa gwargwadon saurin layi.

Sai yaɗawa. Duk rautar da ta karɓi sabuwar sanarwa za ta adana ta, ta kuma tura ta ta dukkan mahaɗanta ban da wanda ta shigo ta cikinsa, ba tare da ta canza bayanin mai ita ba. Cikin ɗan lokaci kowa na riƙe da sanarwar kowa, wato taswira iri ɗaya.

Da taswira a hannu, kowace rauta sai ta yi nata lissafin da dabarar Edsger Dijkstra, masani ɗan ƙasar Holan wanda ya wallafa ta a 1959. Ga misali da lambobin da na ƙirƙira don darasi. Legas zuwa Ibadan 2, Ibadan zuwa Ilori 3, Ilori zuwa Abuja 4, sannan akwai layi kai-tsaye daga Legas zuwa Abuja mai tsadar 10. Rautar Legas za ta fara da mafi kusa, ta tabbatar da Ibadan a kan 2. Daga Ibadan ta hango Ilori a kan 5, wanda bai kai 10 ɗin Abuja ba, sai ta tabbatar da shi. Daga Ilori kuma Abuja ta zama 9. Ke nan zango uku sun fi zango ɗaya sauƙi, abin da mai ƙirga zango kawai ba zai taɓa ganowa ba. In layin Ilori ya yanke, sanarwa ɗaya ta isa kowa ya sake lissafi ya koma kan 10.

Idan sadarwa ta girma, taswirar kan yi nauyi, don haka OSPF ke raba ta yanki-yanki, duk suna jingine da yanki na sifili. Tsakanin manyan kamfanoni kuwa wata ƙa'ida ce daban, BGP, wadda ba ta cikin wannan tsari.

Wace sanarwa ce sabuwa?

A nan gizo ke saƙar. Tunda sanarwa na bin hanyoyi daban-daban, tsohuwa na iya isowa bayan sabuwa. Saboda haka kowace sanarwa na ɗauke da lambar jeri, mai babbar lamba ita ce sabuwa. To amma lambobin ARPANET daga 0 zuwa 63 suke, sannan su zagayo kamar agogo. Dokar ita ce: babbar lamba ce sabuwa muddin tazarar ba ta wuce 32 ba, in ta wuce kuwa ƙaramar ce sabuwa, don an ɗauka an zagayo.

Ranar 27 ga Oktoba, 1980, wata na'ura mai lahani ta ɓata lambar wata sanarwa, aka sami kwafi uku masu lamba 8 da 40 da 44. Mai karatu ya gwada dokar da kansa. 44 ta fi 40 sabunta, 40 ta fi 8, amma 8 ta fi 44, domin tazararsu 36 ce. Kowane kwafi ya zama sabo a kan wani, kowace na'ura ta yi ta karɓa tana yaɗawa ba iyaka. Da yake sanarwa na gaba da saƙon jama'a wajen samun kulawa, sadarwar ta tsaya cik na tsawon sa'o'i. Amincewar da ta sa kowa ke da taswira ɗaya ita ce ta kai cutar ko'ina, kamar yadda Eric Rosen ya bayyana a rahoton da ya rubuta kan lamarin a 1981.

OSPF ta ɗauki matakai a kan haka. Lambar jerinta miƙaƙƙiya ce mai sama da biliyan huɗu, ba ta zagayowa sai an share tsohuwar sanarwa daga ko'ina. Kowace sanarwa na da lambar tantancewa da ke tona asiri in wani abu ya lalace a cikinta. Tana kuma da shekaru: mai ita na sabunta ta duk minti 30, wadda kuwa ta cika sa'a ɗaya ba a sabunta ta ba, sai a cire ta daga taswira.