Kududdufai da Ruwan Malka a Birnin Kano

Birnin Kano ba a bakin babban kogi yake ba. Duk da haka, da wuya damina ta wuce ba a ji ruwa ya ci gidaje a cikin badala ba. Dalilin wannan kuwa yana ga irin ginin birnin.

Tun zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ne kuma ya soma ginin ganuwa, da ƙasa Kanawa suke gini. In mutum zai gina gida, ba ya tafiya nesa neman ƙasa. Sai ya haƙa kusa, a kwaɓa, a yi tubali. Maƙwabcinsa ma ya zo ya haƙa a nan. Yau da gobe sai ramin ya yi zurfi, ya zama kududdufi. Da haka kusan kowace unguwa ta sami nata.

Kududdufi ba abin sha'awa ba ne. Sauro yana haihuwa a cikinsa, yara kuma sukan faɗa. Amma yana da wani aiki babba wanda ba kowa ya lura da shi ba. In an yi ruwa, indararo ya zubo da na kan soro, rariya ta fid da na tsakar gida, lungu ya kwashe duka, sai kududdufi ya haɗiye. Abin da ya yi saura ya gangara Jakara, wadda ta bi ta gefen Kasuwar Kurmi ta fice daga birni. Wani Bature matafiyi, mutumin Jamus, wai shi Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarimu, ya iso Kano a 1851, ya tarar Jakara fadama ce mai faɗi, ta raba gari biyu.

Da jama'a suka yawaita, fili ya yi tsada, sai aka shiga cike kududdufai da juji, ana gini a kansu. To, ruwa ba ya barin hanyarsa don an yi gini a kai. Inda ya saba kwana, nan zai nufa, ko da ya tarar da ɗakin mutum a wurin.

Haɗarin ya fi yawa a watan Agusta, lokacin malka, don kuwa wajen sulusin ruwan shekara a wannan wata yake sauka. Ginin ƙasa yana jure ruwan sama in an yi masa yaɓe da makuba. Abin da ba ya jurewa shi ne ruwan da ya kwanta a gindinsa. Sai gindin ya jiƙe ya yi laushi, ga shi kuwa yana ɗauke da nauyin azara da ƙasar rufi wadda ita ma ta sha ruwa. Sau da yawa da dare bangon kan zauna, mutane suna barci. A watan Agusta na 1988 an yi ruwa mai yawan gaske a ƙasar Kano, har madatsar ruwa ta Bagauda, kudu da birni, ta fashe. A wannan damina gidaje da yawa sun rushe, aka yi hasarar rayuka.

Bango ba ya faɗuwa bai ba da alama ba. Yakan tsage, ko ya yi ciki, ko gindinsa ya yi duhu ya soma zubar da ƙasa. Mai hankali in ya ga haka, sai ya fid da iyalinsa daga ɗakin a daren nan, ya kira magini da safe. Saboda haka ne magidanta suke sabunta yaɓe tun da bazara, su gyara indararo, samarin unguwa kuma su yi gayya su yashe kwata kafin ruwan farko ya sauka.