DARASI: IN INTANET YA ƘI SHIGA KWAMFUTAR ƘUNGIYA TA HANYAR WAYA

Manufar darasi: Domin magatakarda da ma'aji na kowace ƙungiya su iya gano inda matsala take da kansu, kafin su kashe kuɗin ƙungiya ko su hau hanya.

Gabatarwa

A wata damina, magatakardan wata ƙungiyarmu ta wajen Kakangi ya ari kwamfuta domin ya aika da sunayen membobi masu neman takin zamani. An ce za a rufe karɓa ran Jumma'a. Ya kunna hotsifot na wayarsa, kwamfuta ta kama, amma shafi ya ƙi buɗewa. Da safe ya sa kwamfutar cikin buhu, ya hau acaɓa zuwa garin Birnin Gwari. Mai gyara bai yi minti biyar ba ya gaya masa cewa kwamfuta lafiyarta ƙalau, datar da ya saya ta WhatsApp ce kaɗai. Kuɗin acaɓa ya tafi, yinin noma guda ya tafi, iyalinsa kuwa ba su sami kwanciyar rai ba sai da suka ga dawowarsa. Ku da kuke zaune a gefen dajin nan kun san ba kowace tafiya ce ake yi a banza ba.

Domin wannan na shirya darasin nan. Ba darasin masu gyara ba ne. Wanda ya iya karanta saƙo a waya zai iya binsa.

Yadda abin yake aiki

Ku tuna da noman rani. Ruwa yana rafi, inji yana jawo shi, tiyo yana kai shi, sa'an nan ya shiga fangali. In ka ga fangali a bushe, ba za ka fara da kwance inji ba. Za ka duba rafi tukuna, ko akwai ruwa. Sa'an nan inji, sa'an nan tiyo, daga baya bakin fangali.

Haka intanet yake. Ƙarfen sabis shi ne rafi. Wayarka ita ce inji, data kuwa ita ce man injin. Hotsifot shi ne tiyo, watau hanyar da waya take miƙa wa kwamfuta intanet ta iska, wadda ake kira waifai. Kwamfuta ita ce fangali. Kwamfuta tana iya nuna maka ta haɗu da waya, amma intanet babu, kamar yadda tiyo yake iya zama a ɗaure da inji alhali rafi ya ƙafe. Abin da ya ruɗi magatakardan nan ke nan.

Ƙa'idar darasin duka ita ce wannan: a fara daga rafi, a bi da bi, kada a tsallake mataki.

Mataki na 1: Akwai sabis?

Ajiye kwamfuta gefe. Dubi saman fuskar waya, kusa da sandunan sabis. In ka ga E ko 2G, sabis ɗin zai kai kira da gajeren saƙo, amma da ƙyar zai ɗauki aikin kwamfuta. In ka ga H, H+ ko 3G, zai yi aiki sannu sannu. In ka ga 4G ko LTE, to madalla.

In sabis ya yi rauni, ga abin yi:

(a) Danna alamar jirgin sama, ka ƙirga goma, ka sake danna ta. Wannan yana sa waya ta sake neman ƙarfe.

(b) Fitar da waya daga ƙuryar ɗaki. Rufin kwano da katanga mai kauri suna tare sabis. Ɗora ta a taga ko bisa wani abu mai tsawo, ta fuskar da ƙarfen yake.

(c) Gwada da sassafe. Sa'ad da mutane da yawa suke kan ƙarfe guda, kamar ranar kasuwa ko da maraice, kowa yakan sami kaɗan.

(d) Tambayi maƙwabci mai irin layinka. In shi ma babu, laifin ba na wayarka ba ne. Ƙarfe yakan tsaya in injinsa ya rasa mai ko an yi masa ɓarna. Akwai kuma lokacin da hukuma ce take rufewa. Kun tuna a ƙarshen watan Satumba 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomi, har da Birnin Gwari, saboda sha'anin tsaro. A irin wannan hali babu mai gyaran da zai taimake ka.

Gargaɗi: kada kowa ya hau dutse ko ya nausa daji shi kaɗai domin neman sabis, balle da dare. Babu takardar da ta kai ran mutum.

Mataki na 2: Akwai data, kuma wace iri?

Buɗe Chrome a wayar, ka nemi wani shafi da ba ka taɓa buɗewa ba. Kada ka gwada da WhatsApp ko Facebook, gama akwai data mai araha da aka yi domin su kaɗai. Irin wannan ba za ta buɗe wa kwamfuta shafin banki ko na hukuma ba.

Tun shekarar 2023 hukumar sadarwa ta ƙasa, watau NCC, ta mai da lambobin nan iri ɗaya ga dukan layuka, ko MTN, ko Airtel, ko Glo. Ku rubuta su a bangon littafin ƙungiya:

*323# domin duba sauran data
*312# domin sayen data
*310# domin duba sauran kuɗi
*996# domin duba haɗin layi da lambar NIN
300 domin kiran kamfanin layi

Kada ka dubi yawan datar kaɗai, dubi ranar ƙarewarta. Ta kwana ɗaya ko ta mako takan mutu ko da ba a taɓa ta ba. In wayarka mai layi biyu ce, ka tabbata layin da ka saya wa data shi ne aka zaɓa domin intanet. Mutane da yawa sun saya wa layi na ɗaya, waya kuwa tana jan na biyu. Layin da ba a haɗa shi da NIN ba kuma ana rufe shi.

In shafi ya buɗe a waya, rafi da inji suna lafiya. Sai mu wuce wajen tiyo.

Mataki na 3: Tsakanin waya da kwamfuta

A nan matsala kashi uku ce.

Ta fari, kwamfuta ba ta ganin sunan wayar sam. Duba ko hotsifot yana kunne har yanzu, gama yawancin wayoyi sukan kashe shi da kansu in an daɗe ba wanda ya kama. Duba kuma ko waifai na kwamfutar yana kunne. A ƙasan fuskarta ta hannun dama, kusa da agogo, akwai alamarsa. Tsofaffin kwamfutoci suna da wani ɗan makunni a gefe, ko maɓalli mai hoton eriya ko jirgin sama, wanda yaro zai iya taɓawa ba a sani ba. In duk wannan daidai ne, shiga setin hotsifot a waya, ka nemi inda aka rubuta 2.4 da 5. Waɗannan hanyoyi biyu ne na waifai. Wasu tsofaffin kwamfutoci na gwanjo ba sa ganin 5 ko kaɗan. Zaɓi 2.4, wadda ma ta fi zuwa nesa.

Ta biyu, tana ganin suna amma ta ƙi kamawa. Sau da yawa kalmar sirri ce. Ba ta kasa haruffa ko lambobi 8, kuma babban harafi dabam yake da ƙarami. Karanto ta daga waya, ka rubuta ɗaya bayan ɗaya. In an taɓa sake kalmar, kwamfuta za ta yi ta gwada tsohuwar. Sai ka sa ta manta da sunan wayar daga jerin da ta adana, ka shigar da sabuwar. In ba ka ga wurin mantarwar ba, ga dabara mai sauƙi: sake wa hotsifot suna a waya. Kwamfuta za ta ɗauke shi baƙo, ta tambayi kalmar sirri daga fari.

Ta uku, ta kama amma babu intanet, ko yana yankewa. Kashe tsarin tsimin data da na tsimin batir a waya, gama a wayoyin Android, irin su Tecno, Itel da Infinix, tsimin data yakan hana hotsifot aiki. Duba mutum nawa ne suka kama. In kalmar sirri ta bazu, samari biyar za su iya shanye datar ƙungiya daga bayan katanga. Kada tazara ta wuce taku kaɗan tsakanin waya da kwamfuta. Taɓa wayar kuma. Hotsifot yana cin batir, yana sa zafi, in ta yi zafi ainun takan rage aiki. Cire mata riga, ka sa ta a inuwa.

In iska ta gagara, koma ga igiya. Sa igiyar caji daga waya zuwa kwamfuta, ka shiga setin da hotsifot yake, ka kunna na USB. Ba ya yarda a kunna shi sai igiya tana ciki. Wannan hanya ba ta bukatar kalmar sirri, ba mai satar data, waya kuma tana samun ɗan caji. Amma ku sani akwai igiyoyi masu araha da caji kaɗai suke kaiwa. In ɗaya ta ƙi, gwada wata.

Mataki na 4: Kwamfutar kanta

Kafin ka ɗora mata laifi, yi gwaji biyu. Ka sa wayar wani ta kama hotsifot ɗinka. In ta sami intanet, tiyo lafiya yake. Sa'an nan ka sa kwamfutar ta kama hotsifot na wani. In nan ma ta ƙi, to bakin fangali ne ya toshe.

Kashe ta gaba ɗaya, ka sake kunnawa. Rufe murfi ba kashewa ba ne.

Sa'an nan dubi kwanan wata da lokaci. Cikin kwamfuta akwai wani ƙaramin batir kamar kwabo wanda yake riƙe agogo. In ya mutu, kwanan wata yakan koma shekarun baya, shafukan banki da na hukuma kuwa sukan ƙi buɗewa in kwanan wata ba daidai ba ne. Gyara shi da hannu, aiki zai tafi. Batir ɗin a sake shi ranar da wani yake da tafiya birni.

Gwada kuma wani shafi dabam. In sauran shafuka suna buɗewa, guda ɗaya ne ya ƙi, matsalar tana can wurin masu shafin. Haka yakan faru ranar rufe karɓar takardu, sa'ad da kowa ya taru a kai.

Sai in matakan nan huɗu sun ƙare ba nasara, sa'an nan a yi maganar mai gyara.

Tsimin datar ƙungiya

A watan Janairu 2025 hukumar NCC ta yarda kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100. Data ta zama kamar taki, ba a watsa ta ko'ina. Kwamfuta mai Windows, da zarar ta ji waifai, takan fara jawo sababbin gyare-gyare da kanta, har ta cinye giga guda, watau wajen mega 1,000, kai ba ka buɗe kome ba. Maganinsa, shiga setin waifai a kwamfuta, ƙarƙashin sunan wayarka, ka kunna makunnin da kalmarsa ta yi kama da "mita". Wannan yana gaya mata datar nan a gwargwado ake sha.

Shirya dukan aiki kafin a kunna hotsifot: sunaye, lambobi, hotuna. A kunna, a aika, a kashe. Kada kuma a jira ranar ƙarshe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tun da aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a watan Nuwamba 2024, masu neman sanin farashi ta waya sun sami abin tambaya, masu damfara kuma ba sa barci. Kada magatakarda ya rubuta lambar sirri ta banki ko lambar BVN ta wani memba a shafin da aka turo masa ta WhatsApp, sai ya tabbatar da tushensa daga ofishin gona na ƙaramar hukuma.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Cikin misalin noman rani, mene ne rafi, inji, tiyo da fangali?
2. Don me ba za a gwada data da WhatsApp ba?
3. Kwamfuta ba ta ganin sunan waya. Faɗi abu uku da za ka duba.
4. Wa yake riƙe da kalmar sirri a ƙungiyarku, mutum nawa kuma suka san ta?

Aikin yi

A taronku na gaba, a kawo waya da kwamfuta. Mutum ɗaya ya ɓata wani abu da gangan, kamar ya kashe data ko ya sake kalmar sirri, sauran kuma su bi matakai huɗu har su gano. A bar mata da samari su gwada da hannunsu, gama ba kullum magatakarda yake gida ba. A rubuta matakan a kwali, a ajiye cikin jakar kwamfuta tare da igiya mai kyau guda ɗaya.